Yaya Mai Sobiya da Hel ɗin Bature

Tun kafin wani ɗan unguwarmu ta Hindawiyya ya riga ni, gara in faɗa da bakina: wawan da za ku gamu da shi a cikin wannan rubutu ni ne. Mai hankalin kuwa ita ce muka kai makwancinta ranar Laraba bayan la'asar. Allah Ya yalwata mata kabari, Ya shayar da ita abin da ya fi wanda ta shayar da mu daɗi. In an yi mata haka to ta more, don nata ma ba na wasa ba ne.

'Yar gwaggona ce, taubashiyata ke nan, amma ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta goyo ni a hanya lokacin da iyayenmu suka baro gida da niyyar hajji, suka yi zango a Sudan har zangon ya tsufa, sannan suka ƙetaro ruwa suka zauna a Jidda. Ta sha gaya wa mutane cewa tun ina bayanta ta gane ba zan yi hankali ba, wai kaina ya cika rinjaya gefe ɗaya. Ina ce mata Yaya, tana ce mini ɗan kawu. In ta ja "kawu" ɗin nan ta yi masa wutsiya, na san na yi wani abu.

An jera kujeru a lungu bayan magariba, kamar yadda ake yi a nan, ana zagayawa da gahawa. An ba ni kujera a layin masu karɓar gaisuwa, kusa da babban ɗanta, amma kujerar ta ƙi karɓata. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofar gida, in je bakin lungu kamar mai jiran baƙo, in dawo. Ɗan nata ya gaji ya kama gefen rigata.

"Kawu, ug'ud, zauna don Allah. Mutane na miƙo hannu suna gaisawa da kujera."

Na zauna. Mai gashin burodi na bakin titi, mutumin Yaman, ya zo ya rungume ni yana kuka da majina, yana cewa shekara da shekaru busasshen burodinsa wurinta yake zuwa, yanzu wa zai kai wa? Jikokinta, waɗanda Hausa ke shiga kunnensu amma ba ta fitowa ta bakinsu, suna ta kiran kakarsu, "Sitti, Sitti" a bakin ƙofa. Wani dattijo ya yi ta zuba yabo, wai ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na dube shi. Ko dai bai san ta ba, ko kuma kurma ne.

Daga wajen mata kuwa uwargidana ta kawo mini labari. Wai ana zaune shiru, sai wata tsohuwar maƙwabciya ta ce da ƙarfi, kamar mai magana da kanta, "To ga azumi ya matso, wa zai saurara mana?" Sai ta toshe baki don kunya, a zatonta ta yi maganar ciki a gidan mutuwa. Matan duk suka fashe da kuka. Ni a wurina, cikin duk gaisuwar da aka yi, babu wadda ta san Yaya kamar wannan. Da na ji ta ne na sake miƙewa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban zauna sosai ba. Karatuna bai yi nisa ba, allona ya tsaya a inda ya tsaya, bokon kuma na tsinta ne a bakin tashar jirgin ruwa. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi da kanku.

Mutanen gida da ba su taɓa zuwa nan ba, bari in gaya muku mece ce sobiya. Ku ɗauka 'yar uwar kunun zaƙi ce da ta tashi a Hijaz. Sha'ir ake jiƙawa da busasshen burodi, a tace, a sa sukari da kirfa da hel, wato wannan ƙwayar mai ƙamshi da Larabawa ke jefawa a gahawa. Sai a bar ta a randa ta kwanta. Nan gizon yake. In an sha ta da wuri, ruwan tsari ce kawai. In ta kwanta daidai, ba abin da ke kashe ƙishin azumi kamarta. In kuwa ta wuce, ta zama abin da Musulmi ba ya kaiwa baki. Tsakanin daidai da wucewa, a zafin Jidda, ba nisa.

Yaya tana da sunaye uku na wannan. In sabuwa ce, ta ce tana barci. In ta yi daidai, ta ce ta buɗe ido. In ta wuce, ta ce ta fara magana, kuma wadda ta fara magana rariya ce makomarta, ko randa guda ce. Ba kwatance ba ne, da gaske take. Takan durƙusa ta kafa kunne a jikin randa, ta ɗaga hannu ɗaya, duk gidan a yi tsit. Azumi ne ya koya mata haka. Da rana ba ta yarda ta kai abu harshe, ko da malamai sun ce a ɗanɗana a tofar ba laifi, sai kunne da hanci suka karɓi aikin. Har ta kai matan unguwa na ɗauko nasu a kwano, su jeru a ƙofarta bayan azahar ta saurara musu.

"Taki da saura, mayar da ita. Ke kuma taki ta buɗe ido, sa mata ƙanƙara yanzu-yanzu. Ke, Allah Ya ba ki haƙuri."

Wadda aka ba haƙuri ta san hanyar rariya.

In ba azumi ba ne, bayan kunne da hanci sai harshe. Ta ɗaga kofin gilashi ta dubi haske ta cikinsa, ta kurɓi kaɗan, ta juya shi a baki, ta runtse ido, ta haɗiye, sannan ta yi shiru tana jiran abin da ta kira sallama, wato ɗanɗanon da ke saura a maƙogwaro bayan abu ya wuce. Takan ce abin sha kamar baƙo ne, ba a shigowarsa ake gane shi ba, sai a fitarsa. Saboda harshen nan ta bar goro, ta bar barkono tun daga watan Sha'aban. Turare kuwa ba ya kusantar randunanta. Na ga ranar da ta kori amarya sabuwa fil daga tsakar gida, wai ta je ta wanko ƙamshinta ta dawo.

Faɗanta da babban ɗanta a kan roba aka yi. Ya samu aiki, ya ga duniya, ya sayo mata manyan gangunan roba masu famfo, wai randa ta zama tsohon yayi. Ta kafa kunne a jikin ɗaya, ta daɗe, ta ɗago.

"Wannan bebiya ce. Ko ta cika da shaiɗanu ba za ta gaya mini ba."

"Ya ummi, kowa shi yake amfani da ita yanzu."

"Kowa ɗin ya zo ya saya a wurin wa?"

Gangunan suka koma na tara ruwan wanki. Ya yi fushi, ta bar shi ya huce don kansa.

Tsohuwar nan da ta yi maganar saurare a gidan makoki, ita ma da tana sayar da sobiya, kishiyar sana'a ce ƙofa da ƙofa. Wata shekara tata ta yi magana tun kafin la'asar, ga masu saye za su fara zuwa. Yaya ta saurara, ta ba ta haƙuri, matar ta zubar tana hawaye. Kafin ta gama wanke randa sai ga 'ya'yan Yaya sun shigo ta ƙofar baya da tulu cike. Ranar duk wanda ya zo ƙofar Yaya aka ce masa ta ƙare, ya leƙa maƙwabta. Ni na tambaye ta dalili, ta ce in ina neman aikin yi in je in fasa ƙanƙara.

To, yanzu ga wawa ya shigo.

Shekarar da mijinta ya rasu ne, ya bar ta da yara ƙanana da randuna. Randunan nan su ne ci, su ne sutura, su ne hayar ɗaki. A cikin Sha'aban ɗin sai magana ta tashi a gari, wai sobiyar Takarir, mu ke nan, tana ɗaukar kai, wato tana bugarwa. An fasa wa wani mai sayarwa randuna a wata unguwa, aka tafi da shi, kuma ba mu ga dawowarsa ba. Umda, mai unguwarmu, mutumin kirki ne, ya ce kafin wasu su zo da sanda gara shi ya aiko wakilinsa ya ɗanɗana ta kowa, in ya ce lafiya, shi zai tsaya mana. Ba a faɗi ranar zuwansa ba. Yaya ta rame a kwanakin nan. Takardun zamanmu a lokacin irin waɗanda ba sa son a dube su da kyau ne. In aka ce an samu abu a ƙofarta, ba randa kaɗai za a fasa ba.

Ni kuwa ina dako a tashar jirgin ruwa, ƙarfi ya yi mini yawa, hankali yana hanya bai iso ba. Wata rana aka ce a sauke wani ƙarfen inji zuwa cikin wani jirgin Turawa, can ƙasa inda zafi yake kamar gidan burodi. Sauran suka ajiye suka gudu sama. Ni na tsaya na riƙe wa mai injin har ya ɗaure. Bature ne mai jan gemu, gajere, kakkaura. Ya buga ƙirjinsa ya ce shi ba Ingilishi ba ne, mutumin Sikotlan ne, kuma ya maimaita har sau nawa, yadda Bakatsine ke yi in an ce masa Bakano. Ya ji daɗin aikina, ya yafito ni zuwa wani ɗan ɗaki. Ya leƙa waje, ya rufe ƙofa, ya janye wani buhu daga bayan bututu. Mai hankali da tun nan ya fara tambaya. Ni abin da na gani shi ne 'yar ganga ta katako, kwance a kan gammo, da famfon tagulla a bakinta. Katako, ba ƙarfe ba. Na ce a raina, wannan mutum ya san sana'a.

Larabcinsa bai fi cikin cokali ba, Turancina kuma bai kai nasa Larabcin ba. Na nuna gangar ina tambayar mece ce, na ce, "Esh hada?"

Ya ɗaga yatsa. "Sha'ir."

Na ce, "Sha'ir!"

"Moya." Wato ruwa.

"Na'am, sai me?"

Ya shafa gangar kamar mai shafa ɗansa, ya ce, "El."

Jama'a, ku yi mini adalci. Mutum ya ce sha'ir, ya ce ruwa, ya ce el. Bature ne, harafin ha ba ya fita a bakinsa yadda ya kamata. Na ce, "Hel?" Ya yi tsalle don murna an gane shi. "Aiwa! El!" Sha'ir da ruwa da hel. In wannan ba sobiya ba ce, mece ce? Sai daga baya, da daɗewa, wani ya gaya mini cewa el ɗin sunan giyar ƙasarsu ne.

Ya karkata kofi ya murɗa famfo a hankali. Ni kuma na gyara tsayuwa, don na daɗe ina kallon Yaya, kuma na daɗe ina ganin ba abin da take yi da ba zan iya ba. Ga dama ta samu, a gaban Bature kuma. Na fara kafa kunne a jikin ganga. Injin jirgi na ruri, ban ji komai ba, amma na gyaɗa kai kamar na ji. Na ɗaga kofin wajen fitila. Ba fara ba ce kamar tamu, ja ce mai duhu, kalar ruwan dabino da aka dafa, haske na ratsa ta kamar ta cikin garwashi. A samanta kumfa siriri mai kalar man shanu, ya kwanta bai tashi ba. Na kai hanci. Ƙamshin ƙanzo, ƙamshin ɓawon burodin da ya ɗan ƙone a gefe, da wani hayaƙi-hayaƙi can nesa kamar an dafa ta a murhun itace. Na kurɓa, na juya a baki, na runtse ido. Sanyi ba na ƙanƙara ba, na randa. Zaƙin mazarƙwaila ya fara zuwa, mai kauri, ya cika baki, ba ta da tsami ko kaɗan. Na haɗiye na tsaya jiran sallama. Ta zo da ɗan ɗaci, ɗan kaɗan, kamar bayan goro, sannan wani ɗumi ya sauka ƙirji ya nemi wuri ya zauna.

Bature ya zuba mini ido yana jiran hukunci. Na yi gyaran murya, na gaya masa da Hausa tsantsa, don hukunci ba ya son aron harshe. Na ce sha'ir ɗinka ya gasu, na yaba. Zaƙi ya yi, ba a cika sukari ba. Jiki gare ta, ba ruwa-ruwa ba ce. Amma maigida, an cuce ka wajen hel. Ko ƙwaya ɗaya ban ji ba. Na nuna masa da yatsu cewa ya yi kaɗan, "Hel, shwayya!" Ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya karɓi kofin ya sake cikawa. Na ce to, ba a yanke wa mutum hukunci da shaida ɗaya, wataƙila hel ɗin ya kwanta a ƙasa. Na bi shi har gindin kofi ina nema. Babu.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma na ji ta zo da haske. Yaya na cikin damuwa, ga sobiyar Turawa wadda ba ta tsami. In ta ɗanɗana ta gane sirrin, ta ƙara mata hel, wa zai kama ƙafarta a Jidda? Kuma ta san yau ɗan kawunta ma yana da harshe. Na kwance zamzamiyyata, gorar ƙarfen nan da muke zuba ruwan sha, wadda uwata ta sha cikowa da zamzam, na zubar da ruwan, na miƙa masa. Ya sa yatsa a leɓe. Na ɗauka yana nufin kada in gaya wa masu sana'a sirrinsa. Na sa nawa yatsan a leɓe. Ya cika.

Hanyar Hindawiyya ba ta taɓa yi mini daɗi kamar ranar ba. Rana na dukan kai, ni kuwa ina gaida kowa, har jakin mai ruwa na tambaya ya iyali.

Na shiga lungu na tarar an shimfiɗa darduma a ƙofar Yaya, wani Balarabe mai farar riga da rawani yana zaune, sanda a gefensa. Wakilin Umda. Yaya na tsaye daga cikin ƙofa da lulluɓi, ta ɗauko kofi za ta ɗebo masa. Maƙwabta sun leƙo ta tagogi, ba mai tari. Ni ban ga wannan duka ba. Taron na gani, na ce Allah Ya kawo mini 'yan kallo.

"Yaya! Ajiye kofin nan. Yau na kawo miki wadda ta fi taki!"

Da Hausa na faɗa, kuma wannan kaɗai ne alherin da na yi ranar, don wakilin bai wuce sannu da ina kwana ba. Amma ya ga gora, ya ga ina kaɗa ta. Ya tambaya da Larabci mene ne. Na juya na amsa masa da kaina, da alfahari: sobiya ce, sabuwar iri.

"Sobiya?" Ya miƙo hannu. "Hat, mu fara da ita."

Har na miƙa. Hannun Yaya ya fito daga lulluɓi ya riga nasa.

"Ya sidi, ka yi haƙuri. A ƙofar nan ba a ba baƙo abin da ban fara ji ba."

Ta buɗe murfin ta kai gorar kunne. Na ga idonta ya tsaya. Ta tsiyaya kaɗan a kofi, ta kai kusa da hanci, ba ta ma ƙarasa ba. Ni kuwa ina tsaye ina bayani, kalarta kaza, sallamarta kaza, Baturen mutumin kirki, matsalarta ɗaya hel, kofi biyu na sha don in tabbatar. Ta dube ni ta saman lulluɓi, fuskarta na murmushi saboda baƙo, ta ce da Hausa a hankali, kamar mai tambayar lafiyar gida:

"Ɗan kawuuu. Ka kashe ni."

Sai a lokacin na fara gane abin da na ɗauko.

Kowa a lungun ya san bayan hanci harshe ne. Wakilin ma an gaya masa. Yana kallon kofin, yana kallon bakinta. In ta sha, ta sha abin da ba ta taɓa kaiwa baki ba tun da aka haife ta. In ta ƙi, zai tambayi dalili, ya karɓa ya shinshina da kansa. In ta ce lafiya kalau ce, ta yi ƙarya a kan abin sha, kuma Yaya takan iya zagin mutum har kakansa amma ba ta ƙarya a kan kofi. Ta juya wajen wakilin ta ce da Larabci:

"Kharbana. Ta lalace. Wannan ba ta kai a sa mata harshe ba."

Kafin ya buɗe baki ta tuntsurar da kofin da gorar gaba ɗaya a rariya, ta bi su da bokitin ruwa, ta bi da dusar sha'ir. Amma wari ba ya bin rariya, sama yake yi. Na ji shi, ta ji shi. Ta ƙwala wa babbar 'yarta kira ta kawo kasko da lubban, wai baƙon Umda ya zo ba a yi masa turare ba, wace irin tarbiyya ce wannan. Yarinyar ta tsaya baki buɗe, don ta san dokar gidan. "Yalla!" Hayaƙin turare ya tashi a tsakar gidan Yaya, dab da randuna, abin da ba a taɓa gani ba.

Saura ni. Ni ne gangar da ta rage, kuma ina tsaye kusa da wakilin ina shirin kare Baturena. Na ce, "Yaya, ba lalacewa ta yi ba, hel ne kawai ba..."

"Hel kake nema?"

Ta zura hannu a gwangwani ta damƙo cike da tafi, ta kama haɓata kamar za ta ba akuya magani, ta tura mini shi duka a baki, ta rufe da tafin hannunta.

"Tauna. In ka tofar, ni da kai ne."

Wanda bai taɓa tauna hel cike da baki ba, kada ya gwada. Hanci ya kama wuta, ido ya kawo ruwa, kunne ya yi ƙara. Wakilin ya dube ni ina hawaye ina tauna, ya tambaye ta lafiya?

"Ɗan kawuna ne, ya sidi. Mu a wajenmu haka muke gaisawa."

Ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Sannan ta ɗebo masa tata. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa. Lungun nan kana iya jin ƙuda. Ya shanye, ya dubi gindin kofin, ya goge gemu.

"Ma fiha shai. Ba komai a cikinta sai albarka."

Ya nemi a zuba masa a wani abu ya kai wa mahaifiyarsa. Ya tashi, ya buga kafaɗata, ya ce in ci gaba da gaisawa, ya wuce ƙofa ta gaba.

Da ya sha kwana, Yaya ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, a wurin da ruwa ya jiƙa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kofin gilashin nan, wanda da shi take ɗanɗanawa tun zamanin mijinta, ta buga shi da dutse. Sobiyar da ke randuna duk ta sha turare, washegari ta zubar da ita ta sake sabon jiƙo. Ni kuma ba ta zage ni ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Taubashiyar da ba ta wuni ba ta tsokane ni ba, ta koma ce mini "sannu da zuwa" kamar wani baƙo. Duk azumin nan ina fasa mata ƙanƙara ina jiran zagi, bai zo ba. Sai ranar Salla, na shigo da sabuwar riga, ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ya ara mini. Na fita waje na yi hamdala.

Labarin bai fita lungu ba, amma a cikin lungu ya samu gindin zama. Har yau akwai masu furfura da ke ce mini Kawu Hel, wasunsu ba su ma san mafarin sunan ba. Ni kuma na riƙe hujjata shekara da shekaru, ina ba da ita a duk inda aka taru: mutum ya ce sha'ir, ya ce ruwa, ya ce el. Na tambayi malamai, sun ce wanda bai sani ba ba shi da laifi. In ina bayarwa Yaya takan yi shiru tana tace sha'ir ɗinta, ba ta taɓa cewa uffan ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin ta yarda.

Da ciwo ya kwantar da ita, ɗanta ya ɗauke ta zuwa gidansa a unguwar Sa'alaba. Na je duba ta wata la'asar. Ta ƙanƙance, ta koma kamar yarinya a kan gado, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta. An kawo mata ruwa a kofi, ta kai shi kunne kafin ta sha, don hannu ya riga ya saba. Na matsa na durƙusa, na ce yau dai in yi abin manya.

"Yaya, zaman tare ya yi tsawo. In akwai abin da na yi miki, ki yafe mini."

"Na yafe, ɗan kawu. Ni ma ka yafe mini hel ɗin da na yi asara a bakinka."

Aka yi dariya. Da mai hankali ne, nan zai shafa fatiha ya tashi. Amma na ga jikoki sun taru, wasu ba su taɓa jin hujjata ba. Na gyara zama na ce, ai dai Yaya ke shaida ce, maganar nan ta jirgi rashin sani ne. Mutum ya ce sha'ir, ya ce ruwa...

Ta buɗe ido ɗaya.

"Kofin farko rashin sani ne, na yarda. Na biyun fa, Baturen ne ya danne ka ya ɗura maka?"